Ƙuri'ar da Haske Ya Jefa

Lambun garin su Kaltume yana cikin kwari, ba nisa da Tajaye, kuma rijiyarsa guda ce. 'Yan poroje, ma'aikatan wata ƙungiyar agaji, su ne suka haƙa ta, suka ɗora mata sola da tanki, suka kewaye filin da waya, suka yi tafiyarsu. Ruwa na nan rani da damina, albasa na yin kai har masu saye su shigo da motoci daga Galmi. Abin da babu shi ne wurin da zai ishi kowa. Masu son fegi sun ninka fegin da ke akwai, don haka duk bayan 'yan shekaru sai a rushe rabon a sake shi da ƙuri'a. Wanda ya ci ya riƙe fegi har zagaye na gaba. Wanda bai ci ba ya jira damina, ko ya ɗauki jaka ya bi 'yan ci-rani.

Kaltume ba ta da inda za ta ɗauki jaka ta je. Tun da mijinta Illa ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, fegin nan shi ne tuwonta, shi ne sabulunta, shi ne takalmin da yara ke sawa su je lakwal, wato makarantar boko. Kuma tun daga shekarar da ta fita takaba, ba a taɓa jefa ƙuri'a ta faɗi ba.

Ga yadda ake jefa ta. Wakili, dattijon da mai gari ya ɗora wa sha'anin lambu, zai yanka karan gero gajejjeru, ya yi wa wasu tsaga da wuƙa, ya zuba su duka a ƙwarya, ya rufe da ƙyalle. Kowa ya zo ya sa hannu ya ciro ɗaya. Mai tsaga ya ci, marar tsaga ya yi haƙuri. Shi Wakili hannunsa ɗaya na ƙarƙashin ƙyallen, wai yana motsa karan don kada a yi wayo. To idan macen da mijinta ya rasu ta sa hannu, sai ta ji yatsunsa sun tura mata kara cikin tafinta. Ta ciro, ta duba, ta ce Alhamdu lillahi. Jama'a su ce rabonki ne. Shi ke nan.

Babu wanda bai san wannan ba a garin, kuma babu wanda ya taɓa faɗinsa, ko a bakin rijiya inda ake faɗin komai. Amfanin shirun ke nan. Mace ta samu abin ciyar da marayunta ba ta durƙusa wa kowa ba, ba a kira shi sadaka ba, babu gidan da za ta wuce ta sunkuyar da kai. Sai dai kada a mayar da Wakili waliyyi. Yatsun nan nasa sun san hannun 'ya'yan Alhaji Takama, babban dillalin albasar garin, fiye da yadda suka san na kowace bazawara, kuma duk kakar albasa akan ga buhuna sun kwana a zauren Wakili ba shi ya noma su ba. Wannan ɓangaren kam samari sun daɗe suna faɗinsa da ƙarfi.

Ana cikin haka Nazifi ya zo hutu.

Nazifi ƙanen Kaltume ne, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Ya yi lakwal a Illela, ya wuce Konni, ya wuce Yamai, daga can aka ba shi karatu a Faransa. Ya dawo da tabarau da ƙashin wuya da wani akwatin ƙarfe da bai yarda kowa ya ɗaukar masa ba, har ya riƙe shi a cinya bisa kabu-kabu. Kaltume na son yaron nan so mai zafi. Ta yanka masa zakaran da take kiwo, ta zauna tana kallonsa yana ci kamar ita ke ƙoshi.

Da hantsi ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ya buɗe akwatin, ya jona shi da kwamfuta.

"Yaya, zo ki ga abin da niy yi shekaru ina bisa nai."

Ta zo tana goge hannu da zane. Cikin akwatin akwai wani ɗan abu da bai kai ƙwayar wake ba, da 'yan gilasai, da wani ɗan madubi a can ƙarshe. Ya kunna, sai ga ɗigon haske ja a jikin farar takarda.

"Wanga ɗan ɗigo?" ta ce. "Shi yak kai ka Faransa?"

"Laza sunan shi. In kin ƙyale shi, haske nai tsaye yake, ba ya motsi. Dubi nan." Ya nuna mata fuskar kwamfutar, inda wani zare ya miƙe sambal daga gefe zuwa gefe. "To yanzu duba."

Ya murɗa wani ɗan noti a bayan madubin, a hankali. Sai zaren ya yi rawa, ya karkace, can kuma ya haukace gaba ɗaya, yana tsalle sama da ƙasa ba tsari. Ɗigon da ke kan takarda kuwa yana nan yadda yake. Nazifi ya ce ido ne ba ya iya bin saurin abin. Ya yi mata bayani dalla-dalla, yana jin daɗin bakinsa. Madubin yana mayar da wani ɓangare na hasken cikin abin da ya haife shi. Hasken da ya komo ya tarar da wanda ke shirin fita, sai su rikita juna, abin da ya faru ɗazu ya ɓata na yanzu, na yanzu ya ɓata na gaba. Ɗan bambancin da ko na'ura ba ta iya aunawa, kafin ƙiftawar ido ya zama babba. Daga wannan hargitsin kwamfuta ke tsamo lambobi, kuma babu mahaluƙin da zai iya cewa ga wadda za ta fito.

"Wato duk karatun ga, hitila kaka tsokana har ta yi hushi," in ji Kaltume.

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Sa'an nan ya faɗa mata sauran labarin. Ya zauna da samarin gari, sun je wurin mai gari, sun buga wa matar da ke kula da aikin poroje waya, kowa ya yarda. Bana babu ƙwarya. Za a ba kowa lamba, akwatin nan ne zai jefa ƙuri'a.

Tana kallon zaren yana hauka, ta ce, "Shi abin ga, ya san mutane?"

"Abin da yas sa nika son shi ke nan, Yaya. Bai san kowa ba. Bai san Alhaji ba, bai san mai gari ba, ni da nih haɗa shi ma bai san ni ba."

"Ko kai ba ka iya ce mishi ga wance?"

"Ko ni. In na taɓa madubin ga, sai dai shi ƙara rikicewa." Ya rufe kwamfutar, murya ta yi masa kauri. "Shekara nawa ana cutar talakawa ƙarƙashin ƙyalle? Duk wanda Wakili yat taɓa miƙa ma kara ɓarawo na, Yaya, ko wane ne. Haƙƙin wani yac ci." Sai kuma ya saki fuska, ya dube ta da wannan kallon nasa na yarinta. "Ke kam ba ruwanki. Kullum ina ba abukkaina labari can, ina da yaya mai sa'a, ba ta taɓa hwaɗuwa ƙuri'a ba."

Maganar na bakinta, ta haɗiye ta. Me za ta ce? Ta ce masa shinkafar da ya ci jiya da zakaran da aka yanka masa daga ƙarƙashin ƙyalle suka fito? A duk duniya mutum guda ne ya ɗauka sa'a gare ta da gaske, kuma ga shi zaune gabanta ya gama kiran ta ɓarauniya bai sani ba. Ta tashi ta ce tukunya na ƙonewa, alhali ba ta ɗora komai ba.

Kwana biyu tana juya abin, sai ta yafa mayafi ta tafi wurin Wakili. Ta tarar da shi a ƙofar gida yana tufkar igiya, fuska a murtuke. Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi, suka tambayi gida da gajiya da zafi, har gaisuwa ta ƙare ba abin ƙarawa.

"Baba Wakili, na ji bana an sake tsari."

"An sake." Bai ɗago ba. "Ƙanenki ya kawo muna hitila mai adalci."

"To mu ƙaƙa za mu yi?"

"Ku wa?"

Abin da ta zo nema ba shi da suna. Shekara da shekaru yatsunsa na taɓa tafinta, amma ko sau ɗaya ba su taɓa haɗa ido a kan maganar ba.

Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta a gwiwa. "Hannuna ya hita, Kaltume. Sun ce ƙazamin hannu na. Ki tai ki hwaɗa ma Nazifi, ɗakinku guda."

"In hwaɗa mishi mi?"

Wakili ya dube ta a karon farko, ya kuma kawar da kai. Ita ma ta ga cewa ba ita ce ke ransa ba. Baƙin cikinsa na zaurensa ne, wanda bana zai kwana babu buhu. Ta yi masa sai an jima ta taso. A hanya ta biya ta lambu, ta tsaya bakin feginta. Ƙasar nan da ta same ta fara fat, ta yi ta ɗauko mata takin awaki a ka har ta yi baƙi ta yi laushi. Ta tsuguna ta cire wata ciyawa da ba ta dame ta da komai ba.

Ranar ƙuri'a aka taru a filin lakwal da safe. An kawo benci, an kawo lasifika da batirinta, matar poroje ta zo a farar mota da wani mai ɗaukar hoto. Mata na gefe guda a kan tabarmi. An ba kowa lamba a 'yar takarda, Kaltume ta ƙulle tata a bakin mayafi. Nazifi ya ɗora akwatinsa a tebur, ya juya fuskar kwamfuta wajen jama'a don kowa ya ga zaren na tsalle. Ya kira limamin gari ya ce shi zai riƙa danna maɓallin da hannunsa. Samari suka yi tafi.

Abin da Nazifi bai lissafa ba shi ne Alhaji Takama ya riga shi tashi. Tun da ya ji babu ƙwarya, Alhaji bai yi gardama ba, bai ɓata rai ba, shi ne ma ya ba da aron lasifikar. Doka ta ce duk baligin da ke zaune a garin yana da lamba guda. Sai ya rubuta kansa, da matansa, da 'ya'yansa, da surukansa, da direbobinsa, da 'yan dakon da ke kwana a zaurensa. Babu inda ya karya doka. Ga shi nan a kujerar gaba cikin babbar riga ruwan madara, yana jan tazbaha, yana murmushi.

Liman ya danna, lamba ta fito, Nazifi ya karanta a lasifika. Mai ita ya yi kabbara. Aka sake dannawa. Haka aka yi ta yi, rana na hawa. Gaskiya a faɗe ta, akwatin bai cuci kowa ba. Akwai wani Yahuza mai faci da bai taɓa cin ƙuri'a ba tun da aka haƙa rijiyar, sai ga lambarsa, ya fashe da kuka kamar yaro. Amma duk bayan lamba uku ko huɗu sai a ji an yi guɗa daga wajen matan gidan Alhaji, har samarin da suka yi tafi ɗazu suka fara kallon ƙasa.

Kaltume ba ta kwance bakin mayafin ba, ta san lambarta. Kowace dannawa sai ta ji zuciyarta ta tsaya ta kuma ci gaba. Ta yi salati, ta yi duk addu'ar da ta iya. Tana kallon bakin ƙanenta kawai, kamar daga nan abin ke fitowa. Da aka ce saura fegi ɗaya, sai ta ga shi ma ya daina murmushi, yana neman ta da ido cikin mata.

Liman ya danna. Nazifi ya dubi lambar ya daɗe kafin ya karanta. Ta wani direban Alhaji ce.

Sai ta ji wani sanyi ya sauko mata, irin na wanda ya gama jira. Ta gyara mayafi. Ta yi niyyar ta tashi ta ce ba rabo, kamar yadda kowa ke cewa, ta taka a hankali har gida, ta rufe ƙofa, sa'an nan ta yi abin da za ta yi. Nasiba, maƙwabciyarta, wadda lambarta ta fito tun da wuri, ta matso ta dafa mata gwiwa ba ta dube ta ba.

"Hegin ga ya yi mani yawa, ga ciwon baya," ta ce ƙasa-ƙasa. "In mun koma gida ki leƙo, mu yi magana."

Kaltume ta matse hannunta. Ashe akwai sauran hanya. Rabin fegi ne, ba zai ishe ta kamar da ba, amma za a yi shi tsakanin katanga da katanga, a ce Kaltume na taya Nasiba aiki, magana ta mutu a nan.

Lasifikar ta yi ƙara.

"Jama'a, ku dakata." Muryar Nazifi ce. "Kun gani da idonku, abin ga bai san kowa ba. Ga shaida, yayata ta ciki guda ba ta samu ba."

Mutane suka juyo. Kaltume ta ji fuskarta ta ɗau zafi. Ta girgiza masa kai, ta kuma girgizawa, amma idanunsa sun cika da hawaye, ba ya ganin komai sai tausayinsa.

"Ita tag goye ni. Mijinta ya rasu, ga marayu huɗu, ba ta da kowa, ba ta da komi sai hegin ga. In an karɓe shi ban san abin da za su ci ba. Ni ba ni taɓa ƙuri'a, ta riga ta hita. Amma ina roƙo, don Allah don Annabi, cikin waɗanda Allah yab ba, wani shi taimaka mata."

Filin ya yi tsit. Tsofaffin mata suka sunkuyar da kai, don kunya ta kama su a madadinta. Duk abin da garin nan ya yi shekaru yana rufewa, yaron ya kwance shi a lasifika da zuciya ɗaya, yana ganin alheri yake yi. Babbar 'yarta Latifa na tsaye can cikin 'yan lakwal, ta ji kowace kalma, ƙawayenta na kallon ta. Nasiba ta janye hannunta a hankali, don abin ya fi ƙarfinta yanzu.

Alhaji Takama ya bari shirun ya nuna sosai. Sa'an nan ya miƙe, ya tattara hannun riga a kafaɗa, ya karɓi makirufo.

"Subhanallahi. Muna garin ga maraya shi kwan da yunwa? Ba a yi haka ba." Ya juya wajen mai ɗaukar hoto kaɗan. "Hegin da direbana yac ci, na ba Kaltume. Ta ci gaba da noma wurinta. Sadaka ta, don Allah niy yi. Albasa kuwa in ta yi, ba sai ta wahala neman mai saye ba, muna nan."

Kabbara ta tashi. Matan gidansa suka rangaɗa guɗa, matar poroje na tafi, wani ya fara yi wa Alhaji kirari. Kowa a wurin ya san ma'anar muna nan, ya san wa zai yanka wa albasar kuɗi bana da baɗi. Direban da aka yi kyauta da rabonsa ko tambayarsa ba a yi ba.

Kaltume na zaune. Ta duba ko akwai ƙofar fita, babu. In ta ƙi, ta watsa wa Alhaji ƙasa a ido gaban gari, ta kunyata ƙanenta gaban baƙi, kuma gobe duk wanda ya ga 'ya'yanta da tsohon takalmi zai ce girman kan uwarsu ne. Wata tsohuwa ta zungure ta a baya. "Tashi mana, ɗiyata, ki yi godiya."

Ta tashi. Ƙafafunta suka kai ta tsakiyar fili, tsakanin benci da tabarmi, rana na dukan ta. Nazifi ya taho ya tarye ta, fuskarsa jiƙe, yana murmushin wanda ya gyara ɓarna. Ba ta dube shi ba. Ta durƙusa a gaban takalman Alhaji, gwiwa biyu a ƙasa.

"Na gode, Alhaji. Allah shi saka da alheri."

Muryar ba ta fita ba sosai. Alhaji ya karkato, ya sa hannu a bayan kunne.

"Mi tac ce?"

Sai Nazifi, don kada godiyar yayarsa ta tafi a banza, ya karɓi makirufon ya sunkuya ya kara mata a baki. Ta ji numfashinta na fita ta lasifika, yana kaiwa har bayan azuzuwa inda 'yan lakwal suke tsaye. Ta sake faɗa, kalma bayan kalma, duk gari na ji.